Gasar Kwaleji da Gasar Dandali: Inuwar Kwalejin Katsina a Ƙagaggun Labaran 1933

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin rubutun zube na Hausa ya san gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East. An sha maimaita waɗannan sunaye a azuzuwa har sun zama kamar karatun allo. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne inda marubutan suka saba da irin wannan gasa, da kuma abin da sabon ya yi wa alƙalaminsu.

Uku daga cikin marubutan nan Kwalejin Katsina ce ta haɗa su. Abubakar Imam ya yi karatu a cikinta daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, shi kuwa Bello Kagara, wan Abubakar Imam, malami ne a cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna abu biyu. Na farko, gasar 1933 ci gaba ce ta tarbiyyar gasa da lambar yabo wadda Kwalejin ta ginu a kai, kuma ana iya ganin sawun wannan tarbiyya a zubin littattafan. Na biyu, duk da haka babu ko ɗaya daga cikin littattafan da ya ɗauki zaman ɗan kwaleji ya mai da shi labari, kuma wannan shiru yana da dalilai da ya kamata mai tarke ya tono.

2.0 Zaman Ɗalibai a Kwalejin Katsina

An fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An kafa ta ne domin ta samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda daga baya ta sami sunan Kwalejin Barewa. Zancen wannan maƙala ya tsaya ne a kan shekarun Katsina.

Shigar Kwalejin kanta gasa ce. Daga kowane lardi 'yan ƙalilan ake tsamowa cikin waɗanda suka fi ƙwazo a makarantun lardi, waɗansu kuma sai sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa kafin su iso Katsina. Yaro na isowa za a ba shi lamba, wadda za ta bi shi har ƙarshen ransa: Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, lambarsa 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa 145. Ƙanƙantar waɗannan lambobi kaɗai ta isa ta nuna yadda ƙofar take da ƙunci, in aka tuna faɗin ƙasar da ake ɗebo ɗaliban daga cikinta.

Karatun shekara biyar ne, kuma da Turanci ake yin mafi yawansa, ana matsa wa ɗalibai ƙwarai a kan lafazi da iya magana. Akwai darussan Larabci da addini a hannun malamai 'yan ƙasa irin su Bello Kagara. Ɗalibai suna kwana a cikin Kwalejin, an rarraba su gida-gida, kamar gidan Hankaka da gidan Illela, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. Wannan tsari an kwaikwayo shi ne daga makarantun kwana na Ingila, inda gida yake karawa da gida a filin wasa, ɗalibi yake karawa da ɗalibi a aji. Wasannin da suka yi fice su ne kurket da fayif, watau ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Sardauna ya ba da labarin wannan zama a tarihin rayuwarsa da aka buga da Turanci a 1962, kuma sananne ne cewa bai rabu da wasan fayif ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Abin lura a nan shi ne, yaron da ya yi shekara biyar a wannan wuri ya fita da wata ɗabi'a wadda bai shiga da ita ba. Ya saba a ba shi aiki da ƙa'ida da wa'adi, ya miƙa wa mutum guda, a auna, a jera sunansa a sama ko a ƙasa da na abokinsa, sa'an nan sakamakon ya yanke irin aikin da zai samu.

3.0 Gasa Iri Biyu

Ba za a ce Bature ne ya koya wa Bahaushe gasa ba. Akwai kokawa da dambe da langa, akwai rige-rigen kai kunya a noman gayya, akwai karawar makaɗan fada ta hanyar zambo da habaici, akwai kacici-kacici a dandali, inda wanda ya kasa yakan ba da gari. Malaman zaure ma suna da tasu muƙabalar. Amma wannan gasa, wadda za a kira gasar dandali, tana da siffofin da suka raba ta da gasar kwaleji.

A gasar dandali jama'a ne alƙalai, a gabansu ake yi, shewarsu ce hukunci. Ladan wanda ya ci shi ne suna da kirari da abin da 'yan kallo suka yi masa kari da shi. Bugu da ƙari, ba ta da ranar rufewa: ɗan damben da aka kashe bana zai dawo da kaka mai zuwa, kuma abokin karawa yakan zama abokin tafiya. A gasar kwaleji kuwa alƙali ɗaya ne, ko 'yan kaɗan, a ɗaki yake duba aiki, ba a gaban kowa ba. Hukuncinsa rubutacce ne, ba ya goguwa. Kyautar daga sama take saukowa, daga hannun mai iko, kuma takan buɗe ƙofar muƙami.

Marubutan 1933 sun tashi a cikin ta farko, aka horar da su a cikin ta biyu. Wannan shi ne mabuɗin da za a yi amfani da shi wajen duba littattafansu.

4.0 Gasar 1933 a Matsayin Jarrabawa

Dokta East jami'in ilmi ne, kuma shi ne ke riƙe da Hukumar a Zariya. Damuwar Hukumar ita ce an koya wa mutane karatun boko amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Saboda haka ya zazzaga manyan garuruwa yana tara masu ilmi, yana neman su rubuta ƙagaggun labarai cikin zube. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha, domin a ganin malamai da yawa littafi na ilmin addini ne, ƙagen labari kuwa aikin mata da yara ne da dare.

Ba abin mamaki ba ne da ya zamana waɗanda suka fi amsa kiran su ne waɗanda boko ya riga ya ratsa. Su ba su ga baƙon abu ba a cikin a ce musu ga aiki, ga sharaɗi, ga wa'adi, ga wanda zai duba. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa kuwa a shekarar ya fita daga Kwaleji ya kama koyarwa a Midil ta Bauci. Su biyun jiya-jiya suka tashi daga kan bencin jarrabawa.

Alƙalin ma bai tsaya a matsayin alƙali kawai ba. Ya gyara rubuce-rubucen da aka aiko, ya ja hankalin Abubakar Imam game da labaran da ya ɗebo daga waɗansu littattafai, kuma a Jiki Magayi har ya shiga cikin rubutun da kansa. Wannan aikin malamin aji ne mai jan alƙalami. Haka kuma babbar kyautar ta zo irin ta kwaleji, watau aiki: a 1936 aka kira Abubakar Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Har gardamar da ake yi a rubuce-rubucen masana game da ko Ruwan Bagaja na ɗaya ya zo ko na biyu, gado ce ta wannan tunani na jerin sunaye, domin amsar ba ta ƙara wa littafin daɗi, ba ta rage masa.

5.0 Sawun Gasa a Cikin Littattafan

5.1 Ruwan Bagaja

A nan ne gasar iri biyu suka haɗu a fili. Littafin ya buɗe da Koje Sarkin Labari, mutumin da ya mai da labari abin ciniki da karawa: wanda ya zo da labarin da ɗaya bai sani ba shi ne da riba. Watau tun shafin farko an shaida wa mai karatu cewa ba da labari fage ne da ake ci ake kayarwa. Da wuya a ce saurayin da ke rubuta labari don shiga gasa bai san abin da yake yi ba sa'ad da ya fara da irin wannan mutum.

Cikin littafin kuwa karawar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ce ta cika shi. Wannan gasar dandali ce tsantsa. A kasuwa da ƙofar fada da gaban alƙali ake yin ta, yau wannan ya yi wa wancan ƙulli, gobe wancan ya rama a wani gari, ba mai ƙirga maki, kuma daga ƙarshe gabar ta koma abota. Ba a musun cewa tushen wannan yana cikin Maƙamatul Hariri, wadda Abubakar Imam da kansa ya ambata, da kuma tatsuniyoyin Gizo. Ba a bukatar Kwalejin Katsina kafin a fahimci Malam Zurƙe.

Amma ƙashin bayan labarin dabam ne. An kunyata Liman a fada saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, sai Alhaji ya ɗaura aniyar samo shi. Ga aiki ƙayyadadde, ga abu guda da za a kawo a miƙa, ga mai iko da zai tabbatar, ga ɗaukaka a ƙarshe. Neman magani a nesa tsohon jigo ne a adabin duniya, amma zaɓen sa da marubucin ya yi ya zama igiyar ɗaure labarai barkatai ya dace da bukatar mai shiga gasa, wanda aka ce ya kawo littafi guda mai farko da ƙarshe, ba tarin tatsuniyoyi ba. Inda littafin ya fi rai shi ne wuraren Zurƙe. Inda ya fi sauri da rashin armashi shi ne inda ake cika sharaɗin kawo ruwan. Mai karatu yakan manta yadda aka ɗebo ruwan, amma ba ya manta Zurƙe. Ana iya cewa ɗan dandali ne ya rubuta tsakiyar littafin, ɗan kwaleji ya ɗaura masa kai da ƙafa.

5.2 Shaihu Umar

Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya. Shi ma ya buɗe da makaranta, amma ta zaure ce: Shaihu Umar yana zaune a Rauta cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da labari. Ilmin da littafin ya ɗaukaka shi ne wanda Umar ya samu a hannun Abdulkarim da malaman ƙasar Masar, ilmin da ba a yi tsere da kowa a kansa ba, sakamakonsa kuma natsuwa ce da haƙuri.

Inda gasa ta fito a littafin, da mummunar fuska ta fito. Makau ya yi fice a wurin Sarki, sai abokan zamansa na fada suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri bayan an dawo daga hari, aka kore shi. Daga wannan korar ce duk wahalar Umar da mahaifiyarsa ta faro. Watau a inda mutane da yawa ke neman yardar mutum guda, fifikon ɗaya yakan zama masifarsa. Ba za a yi gaggawar cewa fadar nan Kwaleji ce aka sa wa rawani ba, domin hassadar fadawa tsohon zance ne a ƙasar Hausa. Abin da za a iya cewa shi ne, marubucin da ya fito daga gidan da ake auna mutane kullum, ya zaɓi tauraron da darajarsa ba ta rataya ga cin kowa ba.

5.3 Ganɗoki da Sauran

Bello Kagara ya girmi sauran da kusan shekara ashirin, an haife shi tun kafin Turawa su ci ƙasar. Ganɗoki jarumi ne na fagen fama, mai kirari da bugun gaba, wanda ya yi yaƙi da Nasara a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru, sa'an nan labarin ya tsallaka da shi ƙasashen aljannu. Fifikon da littafin ya sani shi ne na takobi, wanda shaidarsa idon jama'a ne. Abin sha'awa shi ne malamin Kwalejin da Turawa suka kafa ya miƙa wa alƙali Bature labarin mutumin da ya yaƙi Turawa, amma ya rufe da dawowar jarumin ya tarar da sabon zamani ya zauna da shi lafiya. Wannan rufewa ta yi kama da ta mai amsa tambaya wanda ya san wanda zai duba takardarsa.

A Jiki Magayi karawar a kan mace ce: dukiyar Malam Shaihu ta raba Abubakar da Zainabu, ramuwar gayya ta cinye kowa. A Idon Matambayi kuwa wayon ɓarayi ne ake gwadawa. Duka biyu daga rayuwar gari suka ɗebo fagensu.

6.0 Shirun da Aka Yi Game da Kwaleji

An ga fada, an ga kasuwa, an ga zaure da fagen yaƙi da hamada. Ba a ga ɗakin kwanan ɗalibai ba, ba a ga filin kurket ba, ba a ga yaron da ya bar Sakkwato ko Bauci ya zo yana fama da lafazin Turanci ba. Alhali a Ingila, inda aka kwaikwayo tsarin Kwalejin, labarin zaman makarantar kwana wani babban reshe ne na adabi tun ƙarni na 19. An ɗauko tsarin makarantar, ba a ɗauko adabinta ba. Ana iya kawo dalilai huɗu.

Na farko, rabon harshe. Zaman aji da na filin wasa da Turanci aka yi shi, Hausa kuwa ita ce harshen gida da gari. Da aka ce a yi rubutu da Hausa, sai alƙalami ya bi harshen zuwa inda ya fi sabawa. Shi ya sa da ɗaliban Kwalejin suka tashi ba da labarinta daga baya, da Turanci suka fi yi, kamar littafin Sardauna na 1962 da tarihin rayuwar Abubakar Imam da aka buga a 1989.

Na biyu, bukatar alƙali. Abin da Hukumar ke nema shi ne labari mai ƙanshin ƙasa wanda zai jawo mutane ga karatu. Mai shiga gasa kuwa yakan karanci alƙali kafin ya karanci kansa.

Na uku, matsayin boko a idon jama'a a wancan zamani. Iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu kada a kai su makarantar Nasara. Ɗan kwaleji bai kai ya zama tauraron da mai karatu zai so ya zama kamarsa ba. Malami da jarumi da mai wayo su ne ke da wannan daraja.

Na huɗu, kunya da tsaro. Labarin makaranta ba ya daɗi sai an taɓa malamai, an nuna zaluncin manyan ɗalibai da wayon ƙanana. Malaman nan kuwa suna raye, abokan aikin alƙalin ne, kuma su ne shugabannin marubutan a Ma'aikatar Ilmi. Ga Abubakar Imam ma ɗaya daga cikinsu wansa ne.

Ba a kawo waɗannan dalilai don a ɗora wa marubutan laifi ba. Juyawar da suka yi ga dandali da zaure ita ce ta ba littattafansu Hausar da har yau ake koyi da ita. Amma an yi hasara. Samarin da suka zauna a gidajen Hankaka da Illela su ne suka riƙe mulkin Arewa bayan shekara talatin, kuma adabin Hausa bai adana yadda zukatansu suka kasance a lokacin da ake sarrafa su ba. Abin da ya rage shi ne tunawar dattawa, wadda takan tace ɗaci ta bar zaƙi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa gasar 1933 ba daga sama ta faɗo ba. Ta sami samarin da Kwalejin Katsina ta riga ta koya wa aiki don alƙali guda da kyauta daga hannun hukuma, kuma wannan horo ya bar alama a zubin littattafansu, ko da yake ransu daga gasar dandali ya fito. Ta kuma nuna cewa gidan da ya yi horon shi ne abin da littattafan suka ƙi ambata.

Batun bai tsaya a 1933 ba, domin gasa ta ci gaba da zama ungozomar ƙagaggun labaran Hausa. Gasar Kamfanin NNPC ce ta fito da Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah a 1980. Ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ce ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da 'yan'uwansu a 1982. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata. Saboda haka ya kamata mai tarken kowane littafin gasa ya riƙa tambaya, kafin ya shiga jigo da salo: wa ya kira gasar, me ya ce a kawo, kuma me marubucin ya ga ya fi masa alheri ya bari a cikinsa? Ga ɗaliban da ke neman abin bincike, takardun Ma'aikatar Ilmi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da Gidan Arewa, da tsohon ginin Kwalejin a Katsina wanda aka mai da shi gidan tarihi, wurare ne da za a fara neman muryar waɗannan samari tun suna 'yan makaranta.